Yadda za ka rubuta tag na Django da zai yi maka aiki a Flask

Matasan da nake koya wa gina shafukan intanet a nan Sakkwato sukan tambaye ni ko ya kamata tag (ɗan umarnin da ake sakawa a cikin shafi) ɗin da aka rubuta wa Django ya yi aiki a wani firemwok kamar Flask. Django da Flask duka firemwok ne, wato kayan gina shafuka da yaren Python. Ina ce musu tuwon ake ɗauka, wato lissafin, kwanon kuwa a bar wa mai shi.

Mu ɗauki tag mai nuna kwanan watan Hijira a saman shafin makarantar Islamiyya. Fara da buɗe fayil ɗin Python zalla, ka sa masa suna hijira.py. Ka rubuta lissafin duka a ciki: ya karɓi kwanan watan Miladiyya, ya mayar da rubutu irin "3 ga Ramadan". Sharaɗi ɗaya ne, kada kalmar django ta fito a fayil ɗin ko sau ɗaya.

Nan nake so ka natsu. A garinmu wata yana kamawa ne da sanarwar Sarkin Musulmi bayan an ga jinjirin wata, lissafin kwamfuta kuma yakan saɓa da kwana ɗaya. Don haka ka ba fankshin ɗin gurbin gyara, ƙarin kwana ko ragi. Da yawa sukan sa shi ya leƙa settings na Django ya ɗauko gyaran da kansa, to nan suke ɗaure shi. Miƙa masa lambar daga waje. Wallahi ba na son iyaye su buɗe shafin makaranta su ga kwanan wata ya saɓa da wanda liman ya faɗa a masallaci.

Sauran aikin kaɗan ne. A Django, buɗe foldar templatetags, ka kira fankshin ɗin a ƙarƙashin @register.filter (filter ɗan'uwan tag ne, mai sauya abin da aka miƙa masa). A Flask, mai aiki da Jinja2 wajen tsara shafuka, @app.template_filter ne. Layi uku ko huɗu kowanne.

Akwai waɗanda ba a taɓawa. Tag irin url (mai haɗa adireshin shafi) da csrf_token (mai kare fom) sun dogara da hanyoyin Django da tsaronsa, cire su ɓata lokaci ne. Mutanen Java ma haka suka yi: da JSTL, tarin tag na gama-gari, ya fito a 2002, tag ɗinsa c:forEach ya iya aikin logic:iterate na firemwok ɗin Struts, amma html:form na Struts ya zauna a gidansa, domin sai da Struts yake sanin inda fom zai tafi.

Kafin ka miƙa aikin, buɗe Python a kwamfutar da ba ta da Django, ka shigo da hijira.py, ka gwada shi da ranar ƙaramar Sallar da ta wuce, da gyara da kuma babu gyara.