Yadda ake bin salsalar tangaran ɗin China da aka gada daga manyan masu layin dogo na Amurka

Wasu daga cikin tsofaffin tangaran na China da ke yawo a kasuwar gwanjo yau, daga gidajen masu kamfanin jirgin ƙasa na Amurka suka fito. Misali William Walters na Baltimore da ɗansa Henry, masu Atlantic Coast Line, a 1886 uban ya sayi wani ɗan tulu na zamanin sarki Kangxi a kan dala 18,000. To idan aka miƙo maka kwano aka ce ai na kakanmu ne, babba ne a layin dogo, ga yadda za ka bi ka tabbatar.

Da farko dai don Allah kar ka wanke shi. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, mutum ya ga 'yar tsohuwar takarda manne a gindin kwano ta yi baƙi sai ya sa soso ya kankare wai yana gyarawa, alhali lambar da mai kayan ya sa ce ko tambarin dillalin da ya sayar, irin su Yamanaka, kamfanin Japan da a da yake da shago a New York, kuma da ita za a haɗa kwanon da sunan mutumin. Ɗauki hotonta yadda take ka bar ta.

Sai ka duba rubutun gindin. Galibi haruffa shida ne masu faɗin zamanin sarki, Kangxi 1662 zuwa 1722, Qianlong 1736 zuwa 1795. Amma kar ka yi saurin murna, masu ginin tangaran da suka zo daga baya sun yi ta kwaikwayon waɗannan tambura. In kuwa ka ga an rubuta CHINA da boko, to na bayan 1890 ne, lokacin da dokar Amurka ta ce a riƙa sa sunan ƙasa a kayan da aka shigo da su.

Daga nan sai takardu, nan ne aikin yake. Zauna da dattawan gidan ka rubuta wa ya riƙe kwanon, daga hannun wa zuwa hannun wa, da shekaru, sannan kowace gaɓa ka nemo mata shaida: rasit, wasiyya, lissafin kayan gado da aka kai kotu, takardar inshora, har tsohon hoton falo da kwanon ya fito a kan kabad. Ka leƙa littattafan gwanjo ma. Henry ya rasu a 1931 ya bar wa birnin Baltimore tarin kayansa, amma matarsa ta sayar da wasu a gidan gwanjo na Parke-Bernet a 1941, ka ga kayan gida ɗaya sun rabu biyu kenan.

Tambaya mai nauyi ita ce yaya ya baro China. A 1860 sojojin Ingila da Faransa sun wawashe fadar Yuanmingyuan kusa da Beijing, kaya da yawa ta nan suka fita, kuma gidajen tarihi yanzu suna son shaidar cewa kaya ya bar ƙasarsa kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi.

Inda ka rasa shaida rubuta cewa iyali ne suka faɗa, kar ka cike gurbin da zato. Bayan nan ka kai kwanon da takardun gaba ɗaya wurin masanin tangaran ya riƙe shi da hannunsa ya duba.