Yadda Za a Samu Isasshen Kalsiyam Daga Tukunyar Gida

Kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora ne. Ɗan ragowar da ke yawo a jini shi ke sa tsoka ta motsa, zuciya ta buga daidai, jini ya daskare idan an ji rauni. Jiki ba ya ƙera shi da kansa. In abinci bai kawo ba, sai ya riƙa ɗiba daga ƙashi a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi, sai ranar da tsohuwa ta zame a tsakar gida ƙugu ya karye.

Babba na buƙatar kimanin miligiram 1,000 a rana. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 na buƙatar 700, matashi daga 9 zuwa 18 kuwa 1,300, don lokacin ne ƙashi ke ginuwa sosai. Mace da ta haura 50 tana buƙatar 1,200.

Tuwo kam yana cika ciki, amma masara da shinkafa da dawa ba su da wani kalsiyam na a zo a gani. Shi ya sa yaron da aka yaye aka ɗora kan koko da tuwo zalla ya fi kowa shiga haɗari. Wani bincike da likitoci suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ko suka yi gwame, rashin kalsiyam ne babbar matsalarsu, kuma da aka ba su shi ƙashin ya gyaru.

Hanya mafi sauƙi ita ce nono. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, mai cin kwatan lita, yana ba da kusan miligiram 300. Sai dai nonon da aka tsarma wa ruwa ya ragu, man shanu kuwa kusan ba komai cikinsa. A tafasa ɗanyar madara kafin a ba yara.

Sai miya. Cokalin cin abinci guda na garin kuka ko na busasshen zogale kan ba da sama da miligiram 100, amma fa a tuna tukunyar mutum nawa za su raba. Gara a zuba wa yaro ƙarin rabin cokali na garin zogale a kwanonsa. Ƙananan busassun kifi a daka su da ƙayarsu, a tankaɗe, a zuba a miya ko fate, domin kalsiyam ɗin a ƙayar yake. Romon ƙashin saniya, duk daɗinsa, kaɗan yake bayarwa ko an kwana ana dafawa. Inda ake samun tamba, a haɗa ta cikin garin kunu, ta ninka gero kalsiyam sau da yawa. Alayyafo da riɗi suna da shi, sai dai suna ɗauke da sinadarin da ke riƙe shi, jiki bai cika samun duka ba.

A rarraba cin safe, rana da dare, don hanji ba ya tsotse fiye da kimanin miligiram 500 da kyau a lokaci guda. Ana kuma buƙatar bitamin D, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta, don haka mai yawan zaman ɗaki ta riƙa fitowa shan hantsi. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, suna sa kalsiyam ya bi fitsari.

Masu juna biyu a inda abinci ba shi da isasshen kalsiyam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba su ƙwayar kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 a rana, a raba ta kashi uku, don rage haɗarin hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. A wajen awo ake karɓar wannan. Kada a haɗiye shi tare da maganin ƙarin jini, a bar tazarar awa biyu ko fiye. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda kuwa, kada ya sha ƙwayar sai likita ya amince.