Ku sa gwaji ya faɗi abin da yake dubawa

'Yan uwa masu rubuta Python, in unittest, kayan gwajin da ke zuwa tare da Python, na zubo muku ɗige-ɗige kawai (gwaje-gwajen da suka wuce) da F (wanda bai wuce ba) a tsakani, ku ƙara -v, wato python -m unittest -v. Kowane gwaji zai fito da sunansa, haɗe da layin farko na docstring ɗinsa, wato bayanin da ake rubutawa a farkon gwajin. Layin farko kaɗai fa! Don haka ku zuba ma'anar a can, a gajarce, kamar "ba a cire kuɗi in asusu babu komai".

Shi kuwa pytest, wani kayan gwajin na daban, ba ruwansa da docstring ko an sa -v, sunan gwajin yake nunawa. Sai ku raɗa wa gwajin suna mai ma'ana. A parametrize kuma, wato hanyar pytest ta maimaita gwaji ɗaya da bayanai daban-daban, ku sa ids, wato sunan kowane zagaye, in ba haka ba, da kun ba shi dict sai ku ga test_cire[data0], ku rasa wanne ne ya faɗi.