Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Aljihu Mai Ninkewa: Siffar Ruwa da Irin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da wuƙaƙe a Kasuwar Kurmi ko a Sabon Gari ya san yadda ido ke ruɗar mutum. Mai ƙyalli ita ake fara ɗagawa, a buɗe, a rufe, a ji ƙarar makullinta, a biya. Bayan mako biyu ta dakushe, ko tsininta ya karye. Ado ƙota ce ke ɗauke da shi, aiki kuwa na ruwan wuƙa ne, kuma abu biyu ne ke hukunta ruwan: siffarsa da ƙarfen da aka yi shi da shi.

Mataki na farko: lissafa abin da kake yankawa

Kafin ka fita daga gida, tuna abin da ka nemi wuƙa dominsa a makon jiya. Yaron shago a Kantin Kwari igiyar dila yake yankawa da leda da kwali. Mai saro kaya a 'Yan Lemo aikinsa feraye lemo da tsaga kankana don mai saye ya ga cikinta. Baduku fata yake bi a kan katako. Ma'aikacin ofis wataƙila rake ne da mangwaro sai buɗe ambulan. Amsar da ka bayar a nan ita za ta ja sauran matakan.

Abu ɗaya dai a cire shi tun yanzu: wuƙa mai ninkewa ba ta yanka dabba ba ce. Ragon layya doguwar wuƙa yake so, marar gaɓa, wadda ta sha washi.

Mataki na biyu: zaɓi siffar ruwa

Siffar da na fi ba mutane shawara ita ce mai saukakken tsini, wadda bayanta ke gangarowa a hankali har ya haɗu da kaifi. Tsininta na da kauri, ba ya saurin karyewa, kuma tana da tumbi, wato lanƙwasar nan ta kusa da baki da ke sa yanka ya tafi sumul. Da ita za ka fere rake, ka yanka igiya, ka taya fiɗa ranar Sallah ba tare da ka huda tumbin rago ba. In wuƙa ɗaya tak za ka mallaka, ka tsaya a nan.

Akwai mai yankakken baya, wadda kamar an gutsure bayanta daga tsakiya zuwa baki, tsinin ya fito siriri. Irin siffar wuƙar Buck 110 ke nan, wadda ta fito a Amurka a 1964. Tana da daɗi wajen cire ƙaya ko ɓula ƙaramin rami, amma sirantar nan ita ce rauninta. Ka ɓanɓare murfin gwangwani da ita sau ɗaya, ka rasa tsinin.

Ga masu aikin kwali da dila kuwa, ban ga kamar mai miƙaƙƙen kaifi ba, wadda Turawa ke kamanta bakinta da kofaton tunkiya. Kaifinta a miƙe yake sak, bayanta ne ke lanƙwasowa ƙasa, don haka ba ta da tsinin soka. Za ka zura ta ƙarƙashin igiya ka ja ba tare da ka tsarge atamfar da ke ciki ba, kuma ita ce mafi sauƙin wasawa tunda babu lanƙwasar da za ka bi a kan dutse. A ganina 'yan kasuwar Kano ba su ba wannan siffa haƙƙinta ba.

Mai bakin shaho, mai kama da ƙaramin lauje, ta 'yan lambu ce da masu sassabe reshe. Tanto, mai kusurwa a baki, wadda ta samo suna daga gajeren takobin Japan, tana ɗaukar idon samari, amma ba ta da tumbi, ba ta iya fira, kuma kaifi biyu za ka riƙa wasawa daban-daban. Mai haƙora irin na zarto tana cin igiyar roba da kyau, sai dai ran da ta dakushe dutsen gida ba ya tayar da ita.

A nan zan tsaya in faɗi wata magana da ta shafi garinmu. Kowa ya san halin da ake ciki game da faɗan daba da ƙwacen waya, kuma jami'an tsaro na bincikar aljihu. Wuƙa mai kaifi biyu ko doguwa mai tsinin mashi kama take da makami, ko da zuciyarka fara ce. Ka zaɓi gajera, mai ruwa santimita 6 zuwa 8, wadda duk wanda ya gani zai san ta aiki ce. In za ka hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, ka sa ta a babbar jakar da za a auna, kada ta bi ka a ta hannu.

Mataki na uku: zaɓi ƙarfe

Ƙarfen wuƙa gida biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai tsatsa, irin wanda maƙeranmu ke ƙerawa daga tsohon sifirin mota, akwai kuma farin ƙarfe marar saurin tsatsa. Bambancin sinadarin kuromiyam ne: sai ya kai wajen kaso 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Kabon kuma shi ke ba da tauri.

Baƙin ƙarfe, kamar mai lamba 1095, ko wanda ake yin wuƙar Okapi ta Afirka ta Kudu da shi, yana ɗaukar kaifi kamar aska, kuma shafa kaɗan a kan dutse ke dawo da shi. Da hunturu, iskar Kano a bushe take, ba zai ba ka wahala ba. Amma a watan Agusta, ga damina ga gumin aljihu, kwana ɗaya ya isa ka ga ja-ja a jikinsa. Lemo da albasa kuma suna baƙanta shi. Wannan baƙin ba illa ba ne, har yana ɗan kare shi, jan tsatsa ce ke cin ƙarfe.

Idan kayan marmari ne yawancin aikinka, nemi fari. Duba gindin ruwan, kusa da ƙota, nan ake buga lamba. Mai 3Cr13 mai laushi ne, kullum kana kan dutse. Mai 8Cr13MoV daga Sin, da AUS-8 daga Japan, da 420HC, su ne tsaka-tsaki: suna riƙe kaifi gwargwado, suna wasuwa da dutsen da ke kowane gida. Sama da su kaɗan akwai 12C27 da 14C28N waɗanda kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro. Dangin na farkon ne kamfanin Opinel na Faransa ke sa wa fararen wuƙaƙensa. Wanda aka rubuta masa kalmar rashin tsatsa kawai babu lamba, ka ɗauka mai araha ne, ka taya shi a haka.

Ƙarfe mai lamba D2 na da kabon wajen kaso 1.5 da kuromiyam wajen kaso 12. Yana daɗewa bai dakushe ba, musamman a kan kwali, amma yana iya yin ɗigon tsatsa, kuma taurinsa kan kai 60 zuwa sama a ma'aunin Rokwel, inda masu araha ke tsayawa wajen 56 zuwa 58. Dutsen gida zai sha wuya a kansa. Haka ma masu tsada irin S30V, dutse mai garin daimon suke so. In ba ka da shi, kuɗinka ya tafi a kan kaifin da ba za ka iya dawo da shi ba.

Mataki na huɗu: gwada kafin ka biya

Lamba ba rantsuwa ba ce. Na taɓa sayen wata da aka buga wa D2 a farashin da ya yi mini daɗi, kwali uku na tsaga kaifinta ya kwanta, abin ya daɗe yana ci mini rai. Ko ƙarfen na gaske ne, in ba a gasa shi an sanyaya shi daidai ba, ba zai yi aiki ba. Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, domin fari da baƙi duk yana kama su. Ɗigon lemon tsami ya fi: baƙin ƙarfe zai sauya launi cikin 'yan mintuna, sai dai ka nemi izinin mai kaya tukuna.

Buɗe ta, ka girgiza ruwan hagu da dama. In yana rawa, ajiye. Rufe ta ka ga ko ruwan ya zauna a tsakiya, tsinin kuma ya ɓuya cikin ƙota. Sannan ka ja ta a gefen takarda, ka saurara ko tana yanka ne ko tana yaga.

Mataki na biyar: washi da ajiya

Kwantar da ruwan a kan jiƙaƙƙen dutse, ka ɗaga bayansa kamar digiri 20, ka shafa kowane gefe daidai wa daida. Ka kiyayi injin gurza ƙarfe: in bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, sai an cinye wajen gaba ɗaya. Ƙurar hunturu kan taru a gaɓa ta sa wuƙa ta yi tauri wajen buɗewa, don haka ka share da tsinken ashana da ƙyalle, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Ruwan da ke taɓa abinci kuwa, ka goge shi ya bushe, ka shafa masa ɗan man gyaɗa sama-sama kafin ka ninke.