Tukunyarki a Ikko: ga uwar da ta sauka da 'ya'ya

Ƙanwata, barka da sauka. Kafin Yarbanci ya dame ki a Legas, lokaci ne zai fara damun ki. A Kano ko Zariya kina ɗora sanwa bayan la'asar, a ci tuwo bayan magariba hankali kwance. A nan, idan aikinki na cikin tsibirin Legas ne kuma kina kwana a Agege ko Ikorodu, da assalatu za ki fita, kuma cunkoson gada ta uku da ke haɗa tsibirin da sauran gari, mai tsawon kusan kilomita 12, yana iya riƙe ki har isha'i. Wadda ta ce sai ta tuƙa sabon tuwo kullum, wata guda ba za ta yi ba sai ta kwanta.

Don haka ki ware rana ɗaya. Ni Asabar nake yi. Da sassafe na nufi kasuwar Mil 12, inda manyan motoci ke sauke tumatir, tattasai, attaruhu da albasa daga Arewa. Hausa za ki ji ta ko'ina, har ki manta a Kudu kike. Kwando ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku raba. Ki kai markaɗe, ki tafasa har ruwan ya tsane, ki soya, ki zuba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya. Sai dai kada ki cika firiza kafin ki san halin wutar unguwarku. Nama kuwa, mayankar Oko-Oba tana nan Agege, mahautan da yawa 'yan gida ne.

Awo ma daban yake. Kada ki nemi mudu ko tiya. Da gwangwanin derika da robar fenti ake auna shinkafa da wake. Sunaye ma haka: ayoyo shi ne ewedu, alayyafo tete, daddawarsu kuma iru. Iru ɗanya ce, ba a daka ta an busar kamar tamu, amma ranar da taki ta ƙare tana rufa asiri. Ki gaida mai sayarwa kafin ki taya, ki ce mata Mama ko da ba ta girme ki sosai ba. Yarbawa ba sa wasa da gaisuwa, kuma gyara a bakin gaisuwar yake.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne laima. Shekarata ta farko na taho da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji cikin leda, na ajiye a kusurwar ɗaki kamar yadda muka saba. Damina a nan tun wajen Afrilu take kankama har Oktoba, iskar kanta a jiƙe take. Da na buɗe ledar, kuka ta dunƙule, daddawa ta yi funfuna, kilishin da Inna ta ƙulle mini ya yi laushi. Na zauna na yi kuka, na gaske, ba na miya ba. Ki nemi kwalabe masu murfi mai kamawa, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, kada ki yi saƙon abin da zai wuce wata biyu. Ai ba sai kin jira mai zuwa daga gida ba: a Agege, Idi-Araba da Obalende za ki samu gero, tsamiya, kanwa, har fura da nono.

Ranakun aiki ki sauƙaƙa wa kanki. Ɗanwake ba ya cin lokaci idan garin a haɗe yake. Miyar kuka kaɗi ne kawai in akwai romo a ajiye. Tuwon da ya kwana kuwa, ɗumame ya fi biredi riƙe yaro har tashin makaranta. Waina, dambu da miyar taushe ki bar wa Lahadi, lokacin da za ki iya zama a gaban tanda.

Yaran za su dawo suna neman amala, ko biredin Agege da wake. Nawa ma sun yi, har na ɗan ji haushi. Kada ki hana su. Ki dai sa su kusa da ke ranar tuwo, babbar ta tankaɗe gari, ƙaramin ya miƙo maburgi, kina kiran sunan komai da Hausa.

Kewar gida ta fi tsanani da azumi, lokacin da za a sha ruwa ba ƙanshin ƙosai daga maƙwabta, ba yaro mai sallama da kwanon kunu. Ki dama kunun tsamiya da yawa, ki zuba a kula ki aika wa matar ɗakin da ke kallon naki. Tawa maƙwabciyar Bayarbiya ce, ta dawo mini da kular cike da alale mai kifi, washegari kuma ta zo da kanta tana tambayar yadda ake jiƙa tsamiyar.