Yadda Ake Daidaita Bafar Sauti Don Kauce wa Tsinkewar Murya a Kwamfuta

Duk mai ɗaukar murya ko haɗa kiɗa da manhaja irin FL Studio ko Cubase ya san takaicin sautin da ke ƙaras-ƙaras, ko ya riƙa tsinkewa ana tsakar aiki. Galibi matsalar tana cikin bafa, wato 'yar ma'ajiyar da kwamfuta ke tara gutsattsarin sauti a ciki kafin ta miƙa su ga katin sauti. Idan ta gaza cika ma'ajiyar a kan lokaci sai a samu giɓi, kuma giɓin nan ne kunne ke ji a matsayin ƙara.

Da farko ka duba direban da manhajarka ke aiki da shi, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da katin sauti. A Windows, ka zaɓi ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, kuma direban ASIO da ya zo da katin sautinka na waje, kamar na Focusrite, shi ya fi dacewa. Wanda ba shi da irin wannan kati zai iya amfani da direban ASIO4ALL. Masu Mac ba su da wannan wahalar, domin Core Audio, tsarin sautin da ke cikin Mac, ya wadatar.

Ana auna girman bafa da samfur, wato 'yan gutsattsarin sautin da take ɗauka, yawanci 64, 128, 256, 512 ko 1024. Lissafin jinkirin da bafa ke kawo wa sauti ba shi da wuya: a raba girman bafa da yawan samfur na daƙiƙa guda. Idan aikinka yana kan samfur 48,000 a daƙiƙa, bafa ta 128 tana kawo jinkirin milisakan 2.7, ta 512 kuma kimanin 10.7, wanda zai ninka ko ya fi haka idan aka haɗa shigar murya da fitarta. Ƙaramar bafa tana rage jinkiri amma tana matsa wa kwamfuta, babba kuwa tana ba ta sarari amma mawaƙi zai ji muryarsa tana biyo shi a baya cikin abin kunne, abin da ke rikita ko da gwani ne.

Saboda haka, a ganina kuskure ne mutum ya nemi lamba guda ya dauwama a kanta. Lokacin ɗaukar murya ka fara da 256, ka kunna wurin da ya fi yawan kayan kiɗa a cikin aikin, ka saurara da kyau. Idan sautin ya fita tas, ka sauko 128. Da zarar ƙara ta bayyana, ka koma matakin baya. A FL Studio, maɓallin F10 yana buɗe saituna, kuma shafin sauti yana ƙirga sau nawa bafa ta gaza cika. Idan an zo tace sauti da haɗa shi, ka ɗaga zuwa 1024, tunda jinkiri ba ya cutar da kowa a wannan mataki.

Idan har a 1024 ƙarar ba ta daina ba, ka duba wutar kwamfutar. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana rage ƙarfinta da zarar ta koma kan batir, shi ya sa aikin da ke tafiya lafiya kan birkice idan aka ɗauke wuta. Ka sa tsarin wuta a kan cikakken ƙarfi, ka kashe Wi-Fi da Bluetooth, ka rufe burauza, sannan ka gwada manhajar LatencyMon, wadda ke nuna sunan direban da ke riƙe kwamfutar fiye da kima.