Motar Tsere Ta Hannu Ta Fara Ciwo Bayan Ka Biya: Yadda Za Ka Nemi Haƙƙinka

Yawancin Mustang da Camaro da Challenger da BMW 335i da ake gani a titunan Abuja da Kaduna da Kano tokumbo ne daga Amurka, kuma da dama daga cikinsu an saye su ne a gwanjon Copart ko IAAI bayan haɗari ko ambaliya. Irin wannan mota ba kasafai take nuna ciwonta ranar da aka ɗana ta a filin dila ba. Sai an yi mako biyu ko uku, inji ya sha zafin rana da cunkoso, sannan fitilar gargaɗi ta kama ko giya ta fara fizga. A wannan gaɓar, abin da ke sa mutum ya sami haƙƙinsa ko ya rasa shi abu ɗaya ne: hujjar da ya tara kafin bakanike ya sa sufana a jikin motar.

Ka tsayar da motar, kada a kwance komai

Idan allurar zafi ta haura, ko fitilar baƙin mai ta kama, ko fitilar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ka kashe motar nan take a nemo mai ja. Injin waɗannan motoci galibi na alminiyon ne. Tafiyar minti biyar da zafi ta isa ta lanƙwasa kan inji ta ƙona gasket. Idan haka ta faru, dila zai ce kai ka kashe ta, kuma zai yi wuya ka musa.

Ka ɗauki bidiyon dashbod inji yana aiki, a ga fitilun da adadin kilomita. Sannan a jona na'urar OBD2, wadda ke karanta kwamfutar mota, a karanta lambobin matsala, a ɗauki hotonsu, kuma ka hana kowa goge su. P0300 na nufin silinda na tsallake wuta, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 kuwa tana nuna matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, ta lalace ko an cire ta an sayar. Cire indomi kafin a sayar da mota ya zama ruwan dare, don haka a ɗaga motar a duba ko akwai sabon walda a bututun hayaƙi.

Akwai wani abu da mutane ba su cika dubawa ba. Na'urar tana nuna ko gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta sun kammala, kuma motoci da yawa suna nuna kilomita nawa aka yi tun da aka goge lambobi. Idan ka yi kilomita 150 da motar, na'ura kuma ta ce an goge lambobi kilomita 160 da suka wuce, to an share matsalar ne gab da zuwanka. Wannan hoton kaɗai ya fi doguwar muhawara ƙarfi.

Daga nan ka kwafi lambar VIN, wato lambar shasi, mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka sayi rahoton Carfax, kamfanin da ke tara tarihin motocin Amurka. Zai nuna ko kamfanin inshora ya taɓa yanke wa motar hukuncin asara, da adadin tafiyar da aka rubuta a ƙarshe. Ka tuna da mil ake lissafi a Amurka, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Sau da yawa idan ka sa VIN a intanet za ka ga hotunan motar a filin gwanjo, da gaban da ya ragargaje.

Aibi daban, cinyewa daban

Ba kowace lalacewa ce za ka ɗora wa mai sayarwa ba, kuma haɗa komai wuri ɗaya yana raunana ƙorafi. Takalmin birki da taya da batir da fulogi da kulochin da ya tsufa kaya ne masu cinyewa. Wanda ya sayi mota mai shekara goma ya san zai canza su. Aibi shi ne abin da yake nan tun kafin ciniki, aka ɓoye ko ba a faɗa ba: shasi da aka miƙe bayan haɗari, jakar iska da aka cire aka rufe gurbinta, laka da tsatsa a ƙarƙashin kafet da cikin soket ɗin wayoyi, mitar kilomita da aka mayar baya, injin da ke haɗa ruwa da mai.

Ka sa bakanike mai zaman kansa, ba na dila ba, ya auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu alama ce ta ciwo a ciki. A auna kaurin fenti: na kamfani yakan tsaya tsakanin maikron 100 zuwa 180, inda ya haura 300 an sake fenti ko an cika da fila. Ya rubuta abin da ya gani a takardar garejinsa da kwanan wata da VIN da sa hannu.

Wasu cututtukan sanannu ne ga ƙirar motar, kuma saninsu yana taimaka maka. Injin N54 na BMW 335i ya yi suna wajen mutuwar famfon mai mai ƙarfin matsi da famfon ruwa na lantarki. A Porsche Boxster da 911 na tsakanin 1997 da 2008 akwai matsalar wani boris na cikin inji da ake kira IMS. Idan aka yanka filtar mai aka ga ɓurɓushin ƙarfe, kada a sake tayar da injin.

Abin da doka ta ba ka

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018 ta ce mai saye yana da haƙƙin karɓar kaya masu aiki yadda ya kamata, marasa aibi. Sashe na 132 ya ba shi wata uku daga ranar da aka miƙa masa kayan ya mayar da su idan sun gaza, mai sayarwar kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun "ba a dawo da kaya" a ƙasan rasit ba ya share wannan haƙƙi. Amma idan an faɗa maka aibin a rubuce ka amince, aka kuma rage maka farashi saboda shi, ba ka da bakin magana a kansa.

Ƙarfin dokar ya fi tasiri a kan dila mai sana'ar sayar da motoci. Idan a hannun wani mutum ka saya, hujjarka ita ce abin da ya faɗa maka: saƙon WhatsApp da ya ce "ba ta taɓa haɗari ba", hoton tallar, da shaidar dillalin da ya haɗa ku. Idan kuwa kai ka ba wakili kuɗi ya saya maka a gwanjo, gwanjon yana sayarwa ne a yadda mota take, sai dai ka bi wakilin idan ya ɓoye maka abin da ya gani a hotuna.

A jihohin da kotunan shari'a ke sauraron rikicin ciniki, akwai zaɓin aibi a fiƙihun Malikiyya: wanda ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa yana iya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Sai dai ci gaba da amfani da kayan bayan an ga aibin ana ɗaukarsa yarda ce. Wannan ma dalili ne na ajiye motar.

Yadda za ka kai ƙorafi

Ka rubuta wa dila wasiƙa ta shafi ɗaya: ranar saye, farashi, VIN, kilomita ranar saye da na yau, aibin da aka gano, da abu ɗaya da kake nema. Ka ba shi wa'adin kwana 7 ko 14, ka haɗa da kwafin rahoton bakanike, a sa hannu a kan kwafinka. Asalin rasit da takardun kwastam su zauna a hannunka. Idan ya yi biris, ka shigar da ƙorafi a FCCPC, hukumar kare masu saye ta tarayya, ko hukumar kare masu saye ta jiharka, kamar ta Kano. Kuɗin gyara kaɗai yana iya shiga kotun ƙananan da'awa. Neman a mayar da kuɗin mota gaba ɗaya yana buƙatar lauya. Kai maganar ofishin 'yan sanda ba ya gyara inji, sai dai idan akwai zamba ko takardun bogi.

Idan dila ya yarda zai gyara, a rubuta wace fas za a sa, sabuwa ko ta Beljiyam, a wane gareji, zuwa yaushe, da garantin wata nawa. Ka ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire. Kada ka yarda a cire tamostat ko a jona fanka kai tsaye da sunan maganin zafi; wannan ɓoye ciwo ne, kuma yana hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa. A zuba ruwan lagireto na kwalba irin wanda littafin motar ya ambata, ba ruwan famfo ba, baƙin mai kuma mai amincewar kamfani, kamar LL-01 ga BMW ko A40 ga Porsche. Kafin ka sa hannu cewa ka karɓa, ka yi tafiyar aƙalla kilomita 100 a cikin gari da babbar hanya, sannan a sake jona na'ura a gabanka.